Baƙin kifin wuƙa mai farin goshi da matsayinsa a rabe-raben kimiyya

Na daɗe a tsaye gaban wani tankin gilashi ina kallon wani baƙin kifi mai farin zobe biyu a wutsiya, yana tafiya gaba, sai kuma ya koma da baya ba tare da ya juya jikinsa ba. Dogon fiffiken da ya bi ƙarƙashin cikinsa shi kaɗai ke kaɗawa, jikin kuwa a miƙe yake sambal kamar wuƙa. Sunansa na kimiyya Apteronotus albifrons, kuma asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne, musamman yankin Amazon, inda yakan kai tsawon santimita 50.

Masanin halittu Linnaeus ne ya fara bayyana shi a shekarar 1766, ya sa shi cikin jinsin Gymnotus, kafin wani masanin, Lacépède, ya ƙirƙiro jinsin Apteronotus a 1800. Sunan Apteronotus albifrons ya dace da mai shi, domin kalmar farko tana nufin marar fiffike a gadon baya, ta biyu kuma tana nufin farin goshi. Danginsa Apteronotidae ne, cikin rukunin Gymnotiformes, kuma su kaɗai ne a rukunin suke da ɗan fiffiken wutsiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kama ke ruɗar ido. Akwai kifayen wuƙa a Afirka da Asiya, irin su Xenomystus nigri da Chitala ornata, masu siffa da salon iyo kusan iri ɗaya da nasa, amma su 'yan dangin Notopteridae ne a rukunin Osteoglossiformes, can nesa da shi. A wajen masana, tarwaɗa ta fi su kusanci da shi. Ina ganin daidai suka yi da suka bi asali suka bar siffa, ko da yake sunan da jama'a suka saba da shi, wato kifin wuƙa, ya cakuɗa su wuri guda.

Wani ɗan uwansa na cikin rukuni shi ne Electrophorus, kifi mai fitar da lantarki daga jikinsa, wanda lantarkinsa kan iya haura bolt 800. Baƙin kifin wuƙa ma yana fitar da lantarki, amma nasa mai rauni ne ƙwarai, ba ya sumar da komai. Da shi yake laluben hanya da dare, yana gano tsutsotsin ƙwari a cikin duhun ruwa.