Dutsen Harra Bai San Tayar Rairayi Ba

Duk mazaunin Makka ko Jidda da ya kai motarsa a shirya masa ita don shiga daji, tambayar farko da ta kamata mai gareji ya yi masa ita ce: wace irin ƙasa za ka taka? Ni ba a yi mini ita ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Motata Land Cruiser ce ƙirar 2006, mai injin fetur 4.5. An ɗaga ta da sabbin sifirin da shokazoba, an sa bamba ta ƙarfe, kariyar ɗora kaya a sama, batir na biyu saboda firji, da injin busa iska. Duk wannan ya yi kyau, ba ni da ƙorafi. Da aka zo kan taya ne mai garejin, can cikin sina'iyya, unguwar garejoji da masana'antu, ya dage sai dai balon, wannan faffaɗar tayar rairayi mai laushin gefe. Ya ce in na rage iska har geji ya nuna 15, motar ba za ta taɓa kafewa ba. Na gaya masa da bakina cewa ramin Wahba za mu fara zuwa. Ya ce ba komai.

Maganarsa gaskiya ce a Dahna, ko Nafud, ko Rub'ul Khali. A can taya mai laushi tana baje ƙafa a kan yashi, mota ta yi ta tafiya. Amma mu mutanen Hijaz, wurare da yawa a dajinmu harra ne, baƙin dutsen aman wuta da ya daskare ya farfashe. Ramin Wahba da ke kamar kilomita 250 daga Ɗa'if, mai faɗin kusan kilomita 2 da zurfin kusan mita 250, a bakin Harrat Kishb yake. Kwalta tana kai mutum har gefen ramin, ya leƙa ya ga farin gishirin da ke ƙasansa. Wanda ya tsaya nan ba ruwansa da irin tayar da ya sa. Mu kuwa da ni da Kawu da yarana maza so muke mu sauka daga kwalta mu kwana a ciki.

Ba mu yi nisa ba tayar baya ta dama ta tafi. Da na durƙusa na duba, ba ƙusa ba ce, ba huda ba ce a tafin taya wadda za a cusa wa roba a wuce. Tsaga ce a gefe, har yatsuna uku suna shiga, zaren ciki ya fito fari-fari. Muka sa safaya. Kafin la'asar ta gaba ma ta bi sahu, a gefe ita ma. Kawu ya zagaya motar, ya daddanna gefen tayar da babban yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai ba takalmin nan wurin ba ne." Ya ɗaga kai ya dubi kariya, ya ƙara da cewa, "Ga shi kuma ka ɗora mata gida a ka."

Nan ne rabin matsalar da ba wanda ya faɗa mini. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, ga jarkokin mai, ga tanti, ga bambar ƙarfe, ga mutane. Nauyin nan duka a kan taya yake sauka, gefenta ya bulluƙo waje, daidai inda kaifin dutse ke jira. Ga ta da ma da laushi, ga iska an rage. Akwai ɗan allo a jikin ƙofar direba da ke nuna iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. Mai garejin da ya ɗora mata ƙarafa bai ko kalle shi ba.

Waya ba sabis, kuma ko da akwai, mai saɗaha, motar ɗaukar motocin da suka lalace, ba ya son sauka daga kwalta. Allah Ya kawo wani makiyayin raƙuma, ɗan Sudan, a cikin tsohuwar shas, wato Land Cruiser a-kori-kura. Ya ɗauke ni da wilin biyu zuwa Muwaih, muka samo tayoyi, ya dawo da ni bayan isha, ya ƙi karɓar ko riyal ɗaya. Allah Ya saka masa da alheri. A hanya na lura da tayoyinsa: sirara, masu kaurin gefe, iska cike. Kullum a cikin harrar nan yake.

Yanzu tayoyin da ke ƙarƙashina masu alamar LT ne, wato na ƙananan motocin ɗaukar kaya, ajin nauyi E, gefe mai kauri. A kan dutse kaɗan nake rage iska, in tafi a hankali da ƙaramar giya, in kuma ɗora tafin taya a kan dutsen da ba zan iya kauce wa ba, kada ya goge ta ta gefe. Sai na isa yashi na gaske nake sauke ta zuwa 15 ko 18, in na fito in busa. Safaya biyu nake ɗauka. Ruwa da mai sun sauko daga kariya sun koma ƙasa tsakanin tayoyi. Wanda kuma zai taɓa jikin mota ko tsayinta, ya fara tambayar ƙa'idar murur ('yan sandan hanya) da fahas dauri (gwajin lafiyar mota na lokaci-lokaci) kafin ya biya kuɗin aiki.

Na koma garejin da tayoyin biyu a bayan mota, na ajiye masa su a ƙofa. Ya juya su, ya ce ai ban ce masa harra zan shiga ba. Na ce masa na ce Wahba, kuma duk mai sayar wa mutane tayar daji a ƙasar nan ya kamata ya san abin da ke kewaye da Wahba. Sauran balon biyun da suka tsira na sayar wa wani abokina da ke aiki a Riyad, inda suke da amfani.