Darasin da sabuwar bindiga ta koya mini

Yanzu da nake shirin miƙa makullan ma'ajiyar makamai in bar Legas, ina so in bar wa ƙannena na aiki magana a kan yadda ake fara amfani da sabon bututun bindiga.

Sabuwar bindiga tana fitowa daga akwati ne da maiƙo mai kauri wanda masana'anta ta shafe ta da shi don gudun tsatsa, kuma wajibi ne a goge shi tas kafin harsashin farko ya wuce, domin duk abin da ya tokare bututu yana ƙara matsi a cikinsa har ya iya kumbura shi. Ga bindigar da ake son saitinta ya yi daidai daga nesa, akan harba ɗaya a goge, a maimaita, sannan a koma uku-uku, ana barin ƙarfen ya huce, saboda kaushin da injin ya bari a farkon bututun, inda harsashi ke fara shiga, yana kankaro jan ƙarfen jikin harsashi ya manne. Irin su AK-47, masu rufin kurom (wani ƙarfe mai tauri da ke kare bututu) a ciki, ba sa bukatar wannan lallaɓa, kuma wasu maƙera na ganin ɓata harsashi ne kawai. Ban musa musu ba. Amma maganar cire maiƙo babu saɓani a kanta.

Wannan ne na faɗa wa wani shugabanmu ranar da sababbin bindigogi suka iso ana jiran manyan baƙi. Na ce, "Yallaɓai, a ba mu zuwa gobe mu wanke su." Ya daka mini tsawa a gaban kurata, ya ce a kwashe su zuwa filin harbi yadda suke. Da aka dawo da su na zura tsumma a cikin ɗaya, yana tafiya da ƙyar, sai kwatsam ya yi sako-sako a tsakiya. Da na ɗaga ta sama na leƙa, ga baƙin zobe nan inda ƙarfen ya buɗe. Allah ne ya kiyaye yaron da ya riƙe ta. Takardar tuhuma kuwa da sunana ta fito, ƙarin girmana ya tsaya, shi ko gezau. Tun daga ranar ban ƙara fitar da makami bisa umarnin baki ba, sai mai umarnin ya sa hannu a littafi, komai girman muƙaminsa.

Sauran darussan gajeru ne. A riƙa gogewa ta gindin bututu idan ƙirar ta ba da dama, don kada sanda ta ci bakinsa saiti ya lalace. Wanda aka yi wa canji daga Kano ko Kaduna kuma ya sani cewa danshin Legas da iskar teku ba sa jira wajen sa wa bindiga tsatsa, musamman bayan harba tsofaffin harsasai masu barin gishiri, wanda mai ba ya narkar da shi, sai ruwan zafi, a busar, sannan a shafa mai.