Lambar da ba a rubuta a gaban kwali ba

Yau aka jona hedifon Sennheiser HD 600 a wata 'yar ƙaramar DAC, na'urar nan da ke mayar da lambobin kwamfuta su zama sautin da kunne ke ji. A gaban kwalinta an rubuta bit 32, wato ma'aunin tsawon lambobin da take iya karɓa, da manyan haruffa. Aka ƙure murya har ƙarshe, amma ganga ta fito shaƙe, kamar ana kaɗa ta a bayan ƙofa. Aka cire, aka jona a wata mai fitar da volt 2, nan take gangar ta cika, har numfashin mawaƙin ya fito fili kafin ya ɗauki baiti. Dalilin a bayyane yake. HD 600 ohm 300 ne (ohm ma'aunin turjiya ga wutar lantarki ne), ƙarfin wuta yake nema, ita kuwa ta farkon volt 1 kacal take bayarwa. Bit 16 da kilohaz 44.1 na faifan CD sun ishi kunne, don haka matsalar ba ta bit ba ce, daga amfilifayar da ke cikin DAC ta farkon take, wato sashen da ke ƙara wa sauti ƙarfi.

Ga mai ƙaramin iyafis na ohm 16 kuma, lissafin ya juya. Shi turjiyar mafitar DAC ɗin, inda ake jona iyafis, zai duba, kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta iyafis ɗin, wato ohm 2, in ba haka ba sautin na iya jirkicewa. Ya kuma kasa kunne tsakanin waƙa da waƙa, nan ne shuuu ɗin na'ura ke tona kansa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, volt ɗin da ya raba gardamar yau sai da aka juya kwalin aka same shi, da ƙananan haruffa.