Azumin da Baba ya yi a ɗaki

Ranar 16 ga Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, kwana biyar bayan an samu mutum na farko da ya kamu a jihar. Mahaifina ya haura saba'in, yana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Duniyarsa ba ta wuce sahun gaba na masallacin unguwa ba, sai tabarmar ƙofar gida inda yake zama da abokansa huɗu bayan la'asar. Mu 'ya'yansa muka yanke shawara: ba fita, ba karɓar baƙo. Ni aka ɗora wa kai abinci da magani.

Na ɗauka in dai tukunya ta ɗoru, magani bai yanke ba, na sauke nauyi. Da azumi ya kama ranar 24 ga wata, ba tarawi a jam'i, ba zaman tafsiri, sai na fara ganin kwanon buɗa-baki yana dawowa kusan yadda na kai shi. Mutumin da in ya fara labarin zamanin gyaɗa sai an kira magariba, yanzu amsarsa ba ta wuce "to" da "madalla".

A makonnin nan ne aka yi ta rasa dattawa a birni. Ɗaya daga cikin 'yan majalisarsa ya rasu, muka ɓoye masa, wai kada jininsa ya hau. A rediyo ya ji sanarwa. Da na shigo ya dube ni ya ce, "Ashe har na kai matsayin da za a ɓoye mini mutuwar aminina?" Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Ba mu kare shi daga komai ba, haƙƙin ta'aziyya kawai muka tauye masa. A daren na kira masa iyalan mamacin, ya yi addu'a mai tsawo, ya yi kuka, kuma a ranar ya fara cin abinci sosai.

Kiran bidiyo bai karɓe shi ba. Idonsa ba ya gani da kyau, ga intanet na yankewa. Ƙaramar wayarsa mai madannai ita ta yi aiki. Na sa mata kati, na rubuta sunayen abokansa da ajami a kwali, muka tsayar da lokaci: bayan la'asar, daidai lokacin tabarma.

Abin da ya fi dawo da shi kuwa shi ne da muka ba shi aiki. Islamiyyu a rufe suke, sai na roƙe shi, "Baba, a taimaka a riƙa sauraren haddar yaran nan, za ta zube." Kullum bayan asuba jikokinsa uku su kira, su biya, shi yana gyara musu madda da gunna, har da faɗa in an yi wasa. Da an makara minti biyar shi zai fara nema.

Da aka sassauta dokar ranakun Litinin da Alhamis, nakan sa takunkumi in zauna a bakin zaure, shi yana daga ciki, taku uku tsakaninmu. A nan ya ƙarasa mini labarin yadda suka haɗu da marigayin a kasuwar Kurmi, suna samari.