Edward Jenner, marayan da wansa ya riƙe

Yawancin dattawan Jos suna da tabon lambar agana a dantse, amma ba kowa ya san gidan da likitan da ya fara wannan rigakafi ya fito ba. An haifi Edward Jenner a 1749 a Berkeley, wani ƙaramin gari a Ingila, shi ne na takwas cikin 'ya'ya tara na limamin cocin garin. Yana ɗan shekara biyar iyayensa biyu suka rasu a 1754, riƙonsa ya koma hannun yayyensa, musamman wansa Stephen, wanda shi ma aikin coci ya yi kamar mahaifinsu.

Jenner ya fara koyon aiki a hannun wani likitan karkara, sannan a 1770 ya tafi Landan wurin shahararren likitan fiɗa John Hunter. Da ya kammala, maimakon ya zauna inda kuɗi da suna suke, sai ya koma garinsu cikin danginsa. A ganina wannan komawa ce ta ba shi abin da likitocin birni suka rasa, domin a ƙauye ne ake cewa matan da ke tatsar shanu, in sun kamu da ƙurajen da ke fitowa a hantsar saniya, agana ba ta kama su. Mu da muke ganin Fulani masu tallan nono kullum, kuma ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom kusa da mu, bai kamata mu raina sanin masu kiwo ba.

Ranar 14 ga Mayu, 1796, Jenner ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun Sarah Nelmes, wata mai tatsar shanu da ta kamu da waɗannan ƙuraje na saniya, ya tsaga dantsen James Phipps, ɗan mai yi masa aikin lambu, yaro mai shekara takwas, ya shafa. Daga baya ya gwada shi da ainihin agana, ba ta kama shi ba. Yau babu hukumar da za ta yarda a yi wa ɗan talaka haka, sai dai a yi wa Jenner adalci: ya yi wa ɗansa Robert irin wannan lamba tun yana jariri, kuma daga baya ya ba Phipps gidan zama ba haya.

Majalisar Ingila ta ba Jenner fam 10,000 a 1802, ta ƙara masa 20,000 a 1807, amma cutar da ta addabi gidansa ba ta da magani a lokacin. Tarin fuka ya ɗauke babban ɗansa Edward a 1810, ya kuma ɗauke matarsa Catherine Kingscote a 1815, bayan aure na shekara 27. Daga nan ya janye jiki daga jama'a, har ya rasu a Janairun 1823 sakamakon shanyewar jiki, ya bar 'ya'ya biyu, Catherine da Robert. Sai a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da agana daga duniya baki ɗaya.