Darasin da na koya daga rabon mulki a tsibiran Komoros

A kwas ɗin nazarin tsarin gudanar da mulki an ɗora mini rubuta takarda a kan yadda ƙasar Komoros ta raba kanta zuwa yankuna, kuma babban abin da na fita da shi shi ne cewa layin da aka shata don sauƙin gudanarwa yakan wayi gari ya zama iyakar ƙasa, idan ba a kula da koke-koken waɗanda ke zaune a bayansa ba.

Komoros tana cikin Tekun Indiya, tsakanin Mozambik da Madagaska, mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. A takarda tsarin ba shi da wuyar fahimta: tsibirai uku ne, Ngazija inda babban birni Moroni yake, da Nzuwani, da Mwali, kowanne da gwamnansa, a ƙarƙashinsu kuma akwai gundumomi 16 da ƙananan hukumomi 54. Amma wanda ya duba tutar ƙasar da kyau zai ga taurari huɗu ne a kusa da jinjirin watan. Na huɗun shi ne Mayot, wanda Komoros take ƙirgawa cikin nata har yau, alhali kuwa Faransa ce ke mulkinsa.

Tun zuwan Turawa tsibiran ba su shiga hannu lokaci ɗaya ba. Sarkin Mayot, Andriantsoly, ya miƙa tsibirinsa ga Faransa a 1841, sauran ukun kuwa sai a 1886 suka shiga ƙarƙashin kariyarta. A 1912 aka haɗe su da Madagaska, a 1946 aka mai da su yanki na daban a ƙarƙashin Faransa, hedkwatarsa a Dzawudzi da ke Mayot. Daga nan ne aka yanke wata shawara wadda a fuska ta ofis ce kawai: a 1958 majalisar yankin ta amince a mayar da hedkwata Moroni. Ma'aikata suka kwashe, albashi da kasuwa suka bi su, aka bar matan Mayot da gidaje babu maza, babu abin shiga. Matan nan, ƙarƙashin jagorancin Zena M'Dere, suka riƙa tare jami'an da aka turo daga Moroni suna yi musu cakulkuli har sai sun galabaita sun bar tsibirin, domin doka ta tanadi hukuncin duka amma ba ta ce komai a kan cakulkuli ba. Wannan labari ya nuna mini cewa ɗauke hedkwata daga gari tamkar ɗauke masa tukunyar tuwo ne, kuma mutane ba sa mantawa da wanda ya ɗauke.

Sakamakon ya bayyana a ƙuri'ar raba-gardama ta 22 ga Disamba 1974. Idan aka haɗa tsibiran huɗu, kusan kashi 95 cikin ɗari sun zaɓi 'yancin kai, amma a Mayot kaɗai kimanin kashi 63 sun ƙi. Faransa ta dage a ɗauki kowane tsibiri daban, shugaban gwamnatin yankin Ahmed Abdallah kuma ya ayyana 'yancin kai a 6 ga Yuli 1975 da sunan dukkan huɗun, Majalisar Ɗinkin Duniya ta goya masa baya. Ƙuri'un ba su canza ba, ma'aunin ƙirga su ne ya raba ƙasar. Mayot ta zama cikakken lardin Faransa a 2011, kuma tun da Faransa ta ƙaƙaba bizar shiga Mayot a 1995, mutanen Nzuwani suna hallaka a cikin ƙananan jiragen da ake kira kwasa-kwasa, a kan tazarar da ba ta wuce kilomita 70 ba, zuwa tsibirin da 'yan uwansu na jini suke.

Irin wannan kuka na cewa Moroni ta cinye komai shi ya sa Nzuwani da Mwali suka ɓalle a 1997. Yarjejeniyar Fomboni ta 2001 ta kawo tsarin karɓa-karɓar shugabancin ƙasa tsakanin tsibirai a cikin kundin tsarin mulki, saɓanin Najeriya inda abin ya tsaya a fahimtar juna cikin jam'iyyu. Farashinsa ya yi tsada, domin ƙasa ƙarama haka ta ɗauki nauyin shugabanni huɗu da majalisu huɗu, har sai da sojojin Tarayyar Afirka suka kawar da shugaban Nzuwani, Mohamed Bacar, a 2008, sannan a 2009 aka mai da shugabannin tsibirai gwamnoni. Duk da haka ina ganin tsarin ya biya kuɗinsa, tunda ƙasar da ta yi ƙaurin suna wajen juyin mulki ta miƙa ragama cikin lumana a 2006 da 2011 da 2016, har Mwali, mafi ƙanƙanta, ta fitar da Ikililou Dhoinine ya shugabanci kowa. Shi ya sa gyaran kundin tsarin mulki na 2018 ya dame ni ƙwarai, wanda ya bai wa shugaban ƙasa Azali Assoumani damar yin tazarce bayan 'yan adawa sun ƙaurace wa ƙuri'ar, ya kuma ɗage zagayen Nzuwani da ya kamata ya zo a 2021.