Majigi a bangon Fagge

Da sassafe na shiga mota a Daura, muka bi ta Kazaure da Dambatta. Hazo ya rufe hanya, har direba ya kunna fitila da hantsi. Rabin fasinjojin samari ne 'yan ci-rani daga wajen Damagaram, kowa da ƙullin kayansa a cinya. An gama girbi, gida babu abin yi sai damina ta faɗi.

Ɗan ƙanwata ne ya matsa min lallai in zo Kano in ga aikin bidiyon da ya haɗa. Ni na ɗauka fim ne irin na Kannywood, da soyayya da waƙa. Da na faɗa masa sai ya yi dariya, ya ce, "Kawu, wannan ba shi da jarumi. Ka zo dai ka zauna."

Bayan isha'i ya kafa majigi a wani tsakar gida a Fagge, unguwar da take sauke baƙi tun zamanin ayarin raƙuma. Ya raba bangon gida biyu. A dama ƙafafun wani mai ga-ruwa ne yana tura kura cike da jarkoki, ba a nuna fuskarsa ko sau ɗaya ba. A hagu gona ce da aka kwashe amfaninta, sai kara da iska. In ya ƙare sai ya sake farawa. Sautin kuwa saƙonnin murya ne da matar mutumin take turo masa ta WhatsApp: akuya ta haihu, gero ya yi ƙasa a rumbu, yaushe za ka dawo?

Zagayen farko na ƙosa, har na fara lissafin kuɗin motar da na kashe. A na biyu ne idona ya sauka kan fason dugadugansa. Irin na mahaifina ne sak, Allah ya jiƙansa. Shi ma ya ci rani a garin nan yana dakon buhuna, lokacin da dalar gyaɗa take tsaye kusa da layin dogon da ya iso Kano a 1911. Sunan Alhassan Dantata har yara sun sani, hotunan dalar kuma suna cikin littattafan makaranta, amma masu hawa da buhu a ka sai ka matso da ido kafin ka gan su, kamar tururuwa. Mu a gida abin da muka sani, Baba yana dawowa da turmin atamfa da goro da wani tari mai hana shi barci.

Ashe mai ga-ruwan yana zaune a bayanmu, bakin rijiya. Da aka kashe majigi ya matso ya gaishe ni, sannan ya ce wa yaron nawa ya tura masa a waya, amma don Allah a saka fuskarsa, kada uwargida ta ce ba shi ba ne.